Kafin ka ƙara wa mota dawakai, nuna mini linzamin

Shekara 27 ke nan ina kwanciya ƙarƙashin motocin mutane a nan Maraɗi, kuma ban saba fitowa fili in soki abokan sana'ata ba. Yau zan yi. Wanda ransa ya ɓaci ya zo garaji ya same ni, akwai benci, akwai shayi.

Makon jiya aka jawo mini wata Mercedes da igiya. Mai ita saurayi ne, ɗan gidan mutunci, bai wuce shekara 24 ba. Ya ce wata biyu da suka wuce ya biya jika 150 aka "buɗe mata ƙwaƙwalwa" da kwamfuta, aka yanke salansa, aka cire matatar iska ta asali aka sa wata ja mai kama da malfa. A hanyar Tasawa ya ba ta wuta, ya ji wani ƙas-ƙas-ƙas cikin inji, sai hayaƙi. Da muka buɗe kan inji, fistan na uku ya huje, ramin da babban yatsana ke shiga. Ban tsaya nan ba. Na buɗe robar man birki, na tarar da shi baƙi wuluk kamar ruwan kwata. Na duƙa na karanta lambobi huɗun nan da ke jikin taya, masu nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2013. Da na gama nuna masa duk wannan, abin da ya tambaye ni shi ne: "Baba, in ka gyara, za ka iya sa ta fi da gudu?"

Wanda ya yi masa wannan aikin yarona ne. Shekara huɗu ya yi a hannuna, ni na koya masa riƙon sifana. Shi ya sa ba zan ce babu ruwana ba.

Wannan sabuwar kasuwa ta bazu. A Yamai, a Maraɗi, a Damagaram, za ka ga rumfa, da kwamfuta guda, da waya da ake soka wa mota ƙarƙashin sitiyari, da shafin Facebook ko TikTok cike da bidiyon salansa na aman wuta. Suna kiran kansu masu ƙara wa mota ƙarfi. Ni kuwa na ce mafi yawansu ƙara kawai suke sayarwa, irin ta gwangwanin da babu komai cikinsa, kuma kuɗin wannan ƙarar ba mai mota kaɗai ke biya ba. Wani lokaci yarinya mai tallar gyaɗa ce ke biya, a bakin kwalta, ranar ɗaukar amarya.

Bari in fara da inji, tunda nan suke cewa sun fi mu sani.

Ƙarfin inji daga abu biyu yake fitowa, iska da mai, a ƙone su a daidai lokacin da ya kamata. In kana son ƙarin ƙarfi, sai ka shigar da ƙarin iska, ka bi ta da ƙarin mai, ka kuma samo hanyar fitar da ƙarin zafin da za su haifar. Wannan na ƙarshen shi ne kowa ke tsallakewa. Motar da aka ƙera don sanyin Jamus, ta yi shekara 15 can, ta biyo ta Kwatano ko Lome ta iso mana da kilomita ɗari-ɗari na dubbai a wuyanta, ita ce muke tuƙawa a watan Afrilu lokacin da zafi ke haura digiri 43. Iska mai zafi ba ta da nauyi. Tsakanin digiri 20 da digiri 45, abin da inji ke shaƙa yana raguwa da kusan kashi 8 cikin 100. Ke nan tun kafin a taɓa ta, motar tana huci. Sai wani ya zo ya matso da lokacin tartsatsin wuta gaba, ya ƙara matsin turbo, alhali mai motar a kwalbar ƴan ruwa-ruwa yake shan mai, wanda ba wanda ya san abin da aka gauraya masa. Man ya riƙa fashewa da kansa kafin lokacinsa, yana dukan kan fistan kamar guduma. Ƙas-ƙas ɗin da saurayin nan ya ji ke nan. Fistan da sanholo ake yin sa, sanholo kuwa a digiri 660 yake narkewa. Ba sihiri a ciki.

Matatar iska ja mai kama da malfa fa? A ƙasar da babu ƙura, a kan filin tsere mai tsabta, tana da amfaninta. A nan, cikin hunturu, lokacin da ko hancinka sai ka rufe da rawani, wannan matata rariya ce. Ƙura tana shiga, ta haɗu da man inji, ta zama kamar takardar goge katako, ta cinye ringi. Bayan wata shida mota ta fara shan mai tana fitar da hayaƙi shuɗi, mai ita yana cewa an yi masa baki.

Yanke salansa kuwa, a motar da ba ta da turbo, na sha gwadawa: abin da ake samu bai taka kara ya karya ba, wani lokaci ma ƙarfin tashi ne ke raguwa. Kunne ne kawai ke ruɗin mutum, ya ji ruri ya ɗauka gudu ne. Sannan akwai abin da ba a gaya wa mai mota. Tukunyar nan mai tace hayaƙi da ke jikin salansa, wadda muke ce wa katalizar, cikinta akwai ƙarafa masu tsada, irin su filatinom da faladiyom da rodiyom. Akwai masu sayenta. Yaro ya ce maka ita ce ke shaƙe motarka, ka biya shi ya cire, ka tafi kana godiya, shi kuma ya kai ta ya sayar. An ci ka sau biyu a aiki ɗaya. Haka masu gazuwal: a murɗa kusar famfo, Hilux ta riƙa tuttular da baƙin hayaƙi, a ce ta yi ƙarfi. Baƙin hayaƙi gazuwal ne da bai ƙone ba. Kuɗinka ne ke fita ta baya, ƴan kabu-kabu na shaƙa.

Tambaya guda nake so duk mai mota ya yi wa wanda ya ce zai ƙara masa doki 50: da me ka auna? Inda ake wannan sana'a da gaske akwai na'urar awo mai nadi, a hau da mota kanta, a ɗaure ta, a taka, allo ya nuna ƙarfinta kafin aiki da bayan aiki. Ko mai sayar da hatsi a kasuwa yana da tiya. Mutum ba shi da ma'auni, ya sauko da wani fayil daga intanet da aka rubuta don wata mota a wata ƙasa mai wani irin mai, ya ɗura maka, ya ce doki 50. Wa ya ƙirga dawakan?

Na san abin da za a ce. Za a ce tsoho ne, zamani ya wuce shi, kwamfuta ta ƙwace masa kasuwa, hassada ce. To, gaskiya ne na rasa wasu masu kawo mini aiki, kuma gaskiya ne abin ya yi mini ciwo. Amma ina da na'urar karanta ƙwaƙwalwar mota a garajina, kullum da ita nake aiki. Kuma in son motar tsere ne, kafin a haifi waɗannan yaran na kamu da shi.

Ina ɗan shekara 11 kawuna, direban babbar mota, ya tafi da ni Agadas lokacin da gasar Paris-Dakar ke ratsa ƙasarmu. Tun fitowarta ta farko, wadda ta tashi daga Paris ranar 26 ga Disamba 1978, ta bi ta Agadas da Yamai. Abin da ya zauna mini a rai daga wannan tafiya shi ne dare. Direbobi sun kwanta, makanikai sun kunna fitilu, sun ɗaga motoci, suna kwance ƙafafu, suna canza shokazoba, suna duba kowane ƙusa da hannu, har asuba. Ban ga wanda ke taka totur don a ji ƙara ba. A daren nan na yanke cewa wannan aikin zan yi.

Kuma ga abin da masu bidiyon salansa ba su sani ba game da waɗannan motoci. Peugeot 205 Turbo 16 da Ari Vatanen ya ci Dakar da ita a 1987, korarriya ce. An ƙera ta don wani rukunin tsere na duniya da ake kira Rukunin B, inda aka bar kamfanoni su zuba ƙarfi yadda suka ga dama, har ƙananan motoci suka haura doki 400. A 1986, a Portugal, wata mota ta kutsa cikin ƴan kallo ta kashe mutane. Bayan wata biyu, ranar 2 ga Mayu, Henri Toivonen da abokin tafiyarsa Sergio Cresto suka ƙone cikin Lancia a tsibirin Corsica. Hukumar tsere ta soke rukunin gaba ɗaya. Masu kuɗi ne, masu injiniyoyi, masu jirage masu saukar ungulu, amma suka ce ƙarfin ya fi ƙarfin hanya da mutane. Da Peugeot ta juyo da motar zuwa hamada, sai da ta tsawaita ta, ta sa mata manyan tankuna, ta sake mata ƙafafu don rairayi. An tambayi ƙasar da za ta taka kafin a taɓa ta.

Ba ina bauta wa Dakar ba ne. Ta wuce ta bar mana ƙura, kuma ta take yara a ƙauyukan Afirka waɗanda ba su san me ake ci ba. A 2000 sai da aka kwashe motocin da jirage daga Yamai zuwa Libiya saboda barazanar tsaro, a 2008 aka soke ta, a 2009 ta koma Kudancin Amurka, tun 2020 kuma tana Saudiyya. Darasin da na ɗauka daga gare ta na sana'a ne: motar tsere daga ƙasa ake gina ta, inji ne na ƙarshe.

Ga yadda ake yi. Da farko a tambayi inda motar za ta yi gudu, kwalta ko jar ƙasa ko rairayi. A fitar da kujerun baya da duk wani nauyin banza, domin rage kilo 100 ya fi ƙara doki 10 araha, kuma yana taimakon birki. A walda kejin ƙarfe cikin gida, wanda in mota ta wuntsila rufi ba zai murƙushe mutum ba. A sa kujera mai riƙe jiki, da ɗamara mai hannu huɗu ko shida, da tukunyar kashe gobara, da makunnin da ke yanke wuta gaba ɗaya. Sannan birki da taya da shokazoba. Sannan sanyaya: babban lagireto, da mai sanyaya man inji. Sai an gama wannan duka ake auna matsin kowace silinda a ga ko injin na da lafiyar ɗaukar ƙari. Yaranmu sun ɗauki wannan jerin sun kifa shi, sun fara daga ƙarshe, sun kuma tsaya a nan.

Kuma kowane doki da aka ƙara, daga kwanan inji ake cire kuɗinsa. A Amurka akwai motocin tseren miƙaƙƙiyar hanya masu ƙarfin doki sama da 10,000. Gudun mita 305 suke yi cikin abin da bai kai daƙiƙa 4 ba, kuma bayan kowane gudu ɗaya sai an kwance injin an sake haɗawa. Dubi kuma injin 1HZ na Land Cruiser, lita 4.2 amma doki wajen 130 kacal. Shi ya sa yake kai mutum Bilma ya dawo da shi shekara da shekaru. Mai sana'ar gaskiya yana gaya wa mai mota wannan cinikin kafin ya karɓi dala ɗaya. In bai faɗa ba, ha'inci ne, ko da kwamfuta aka yi shi.

In ana neman gwanayen gyara mota don aiki mai tsanani a ƙasar nan, a je Agadas. Makanikan da ke shirya Hilux don hanyar Dirku, ko don Jado tun da aka ga zinariya a 2014, su ne masu wannan ilimi. Suna ƙara ganyen sifirin don kaya, suna ƙara tanki, suna kula da lagireto kamar jariri, direba kuma ya san yadda zai rage iskar taya in ya shiga rairayi. Ba su wasa da abin da ba su auna ba, domin wanda injinsa ya mutu a tsakiyar Tenere ba igiya ake kawo masa ba, likkafani ne. Ba wanda ke ɗaukar su bidiyo.

Yanzu maganar birki, wadda ita ce ta hana ni barci. Mota mai gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Kafin ido ya gani ƙafa ta kai ga birki, daƙiƙa guda ta tafi. A kwalta mai kyau da taya mai kyau, sai ta ƙara wajen mita 20 kafin ta tsaya. Jimla mita 37. In ka ninka gudun zuwa 120, tazarar birki sau huɗu take ninkuwa, ta zama mita 80, ga kuma mita 33 na daƙiƙar farko. Mita 113 ke nan, ya fi tsawon filin ƙwallo. Wannan lissafin mota mai lafiya ne. Sa mata tayar 2013, da yashin da ke kwance a gefen kowace kwalta tamu, da man birkin da ya shekara biyar yana shan danshi. Sabon man DOT 4 sai wajen digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa tun wajen 155. In ya tafasa, ka taka birki ƙafarka ta tafi har ƙasa, babu komai. A hanyar ƙasa mai lamba 1, daga Ƙonni zuwa Damagaram, wace mita 113 ce babu amalanke, ko jaki, ko ɗan makaranta?

Bara, a wani ɗaukar amarya a unguwarmu, samari suka jera motoci suna jujjuya su a mararraba, taya na kuka, mata na guɗa. Ɗaya ta ƙwace. Yarinyar da ta buge tana da rai, alhamdu lillahi, amma har yau da sanda take tafiya. An je an ba da haƙuri, an biya kuɗin magani, an ce ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara. Amma wanda ya hau doki ba linzami ya shiga kasuwa, ba ya cewa Allah ne ya watsar da tumatirin mutane.

Sai dai ba samari kaɗai zan ɗora wa ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu manyan makanikai mu muka fara koya musu aikin ganin dama: mota na zafi a cire tamosta a jefar, fitilar gargaɗi ta kama a cire ƙwan. Iyaye na sayen mota su miƙa wa yaron da parminsa ma saye aka yi. Hukuma kuwa abu biyu ta iya, ta kau da kai har sai an yi rai, sannan ta fito da sanarwar hani da ke aiki mako biyu. Wasu dattawa kuma da an ce tseren mota sai su ce shaiɗanci ne, a rufe maganar. Ban yarda ba. Son gudu a jinin saurayi yake, kuma ba yau aka fara ba. Kakanninmu sun yi sukuwa. Bambancin shi ne sun ware mata fili, kowa ya san inda doki zai bi da inda ɗan kallo zai tsaya. Kokowa ma da a dandalin ƙauye take. Tun da aka fara gasar ƙasa a Tawa a 1975 aka yi mata fili, da alƙalai, da doka, da takobi, ta zama abin da duk Nijar ke tsayawa ta kalla. Kenya na da gasar Safari tun 1953, ta kuma dawo cikin gasar duniya a 2021. Hilux ɗin da Nasser Al-Attiyah ya ci Dakar da ita a 2019, a Afirka ta Kudu aka gina ta. Hannun da ya gina ta bai fi na yaranmu yatsu ba.

Don haka ga abin da nake nema, kuma ba ya bukatar miliyoyi. Ma'aikatar magajin gari ta ware fili a bayan gari, jar ƙasa ta isa, a yi tudun ƙasa tsakanin hanya da ƴan kallo. Rana guda a wata, da motar asibiti a tsaye. Ba motar da za ta shiga sai tsofaffin makanikai uku sun duba birki da taya da keji, ba direban da zai shiga ba hular kwano. A riƙe agogo, a rubuta lokacin kowa, a ga wanda aikinsa ya yi. A ranar za a bambanta mai sana'a da mai ƙara, domin agogo ba ya jin salansa. Bayan an ba da wannan fili, duk wanda aka kama yana juya mota a mararraba ko a ayarin biki, a karɓe motar, a karɓe parmin, kuma kada wani Alhaji ya buga waya. Mu kuma masu garaji mu yi wa kanmu doka: ba a taɓa ƙwaƙwalwar mota sai an gyara birkinta, kuma a rubuta wa mai ita a takarda abin da aka canza.

Ga yarona kuma, na san zai karanta wannan, don shi ya buɗe mini shafin. Kana da kai, ka fi ni fahimtar kwamfuta, ba na jin kunyar faɗa. Wannan sana'a tana da gaba, kuma kana iya zama na farko a garin nan da zai yi ta yadda ake yin ta. Amma kuɗin da ka karɓa a kan Mercedes ɗin nan ba ka ci halalinsa ba. Ka zo ka ga fistan ɗin, na ajiye maka shi a kan teburi. In ka zo, akwai wata tsohuwar Corolla a bayan garaji da na daɗe ina son mu gina tare. Da keji za mu fara.

Shi kuwa saurayin mai mota, na gaya masa zan haɗa masa inji, in mayar da ƙwaƙwalwar yadda kamfani ya yi ta, amma ba za ta fita daga garajina ba sai da sabbin tayu huɗu da sabon man birki. Ya ce tsada. Na ce ya je ya tambayi uban yarinyar nan mai sanda nawa ne tsada. Har yanzu motar na nan, bai dawo ba tukuna.

Allah ya kiyaye mu da hanya, ya shirya mana zuri'a.